An ce kurma ne, ashe jin ne ya yi masa yawa

Auta ɗan yayana ne, gidanmu ɗaya a unguwar Zariya, nan Maradi. Da yardar iyayensa nake ba da labarinsa, sunan yanka kuwa na bar shi a gida. Bana shekarunsa tara.

Yana da shekara biyu da rabi aka fara ce masa kurma. Ka tsaya a bayansa ka kira sunansa sau biyar, ko gezau. Amma uwarsa ta taɓa ledar biskit a cikin ɗaka yana can bakin zaure, sai ga shi ya sheƙo. Kullum da hantsi kuma, da mai injin niƙan bayan katangarmu ya tayar da inji, sai yaron ya toshe kunnuwa da tafin hannu, ya zube ƙasa, ya yi ta ihu har muryarsa ta dushe. Inna, kakarsa, ita ta fara cewa, "Wane irin kurma ne wannan mai jin motsin leda?" Daga nan zance ya koma kan iska. Aka yi rubutu, aka yi hayaƙi. Addu'a har gobe ana yi masa. Hayaƙin ne dai ya dagula lissafi, don daren da aka turara ɗakin bai runtsa ba, ya kwana yana kakarin amai.

Abin da ya kamata mu fara da shi, shi muka yi a ƙarshe, wato awon kunne. A ƙasarmu ba a tsallake wannan, saboda sanƙarau da zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai da ciwon kunne mai ruwa duk suna iya taɓa jin yaro, kuma yaron da ba ya ji da kyau shi ma ba ya amsa kira, maganarsa ma takan yi jinkiri. Kunnen Auta lafiya lau. Sai aka tura mu Yamai wurin likitar yara. Ba ta ɗebi jini ba, ba ta sa a ɗauki hoton kai ba. Zama ta yi fiye da awa guda tana kallon yadda yake wasa, tana yi wa uwarsa tambayoyi: yana nuna abu da yatsa don a gani tare da shi? Yana kawo abin wasansa ya nuna miki? In an nuna masa abu, yatsan yake kallo ko abin? Shi kuwa yana ƙasa yana jera marafan kwalba a layi ɗaya, wanda ya karkace ya gyara. Ta ce otizim ne, wato lalurar da ke taɓa yadda yaro ke magana da hulɗa da mutane. A rediyo za ka ji ana cewa galahanga, sai dai kalmar nan an mai da ita buhun da ake zuba kowace lalurar ƙwaƙwalwar yara, shi ya sa na fi son kiran abin da sunan da likita ta kira shi.

Yaya ya tambaye ta ko allurar rigakafi ce ta jawo. Ta ce a'a. Zancen ya samo asali ne daga wani rubutu da ya fito a mujallar likitoci ta Lancet a Ingila a 1998, kan yara 12 kacal, kuma mujallar ta janye shi a 2010 bayan an gano an yi maguɗi a ciki. Gado ne ya fi rinjaye a sanadin lalurar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa ƙiyasta cewa kusan yaro 1 cikin 100 na da ita, kuma an fi gano ta a maza. Awon wutar ƙwaƙwalwa da ake kira EEG ba ya nuna otizim. Ana yin sa ne idan ana zargin farfaɗiya, wadda ta fi yawa ga waɗannan yara fiye da sauran. Likitar ta ce mu sa ido, idan yana ƙamewa ya ƙura ido na ƴan sakanni ana taɓa shi bai sani ba, mu dawo.

Ga yadda abin yake a cikin kai. Kunne da ido da fata da harshe ƴan aike ne kawai, su kawo saƙo su wuce. A tsakiyar ƙwaƙwalwa akwai wani wuri da ake kira talamus, shi ne zauren gidan. Kowane baƙo ta nan yake bi, a nan ake tantance wanda za a yi wa iso da wanda za a bari a waje. Wari da ƙamshi ne kaɗai ba sa tsayawa a zaure, suna da tasu hanyar da ke kaiwa kusa da amigidala, ɗan wurin da ke kaɗa gangar tsoro. Mutumin da gidansa ke bakin hanyar Dan Isa, bayan ƴan kwanaki ba ya ƙara jin manyan motoci da dare. Kunnensa bai toshe ba, ƙwaƙwalwarsa ce ta gane wannan baƙon ba shi da wani labari, ta daina yi masa iso. Sabo ke nan. Shi ne abin da ke yi wa yara irin su Auta wuyar samuwa.

An ga wannan da ido. A 2015 masu bincike a jami'ar UCLA da ke Los Anjalas, ƙarƙashin Shulamite Green, sun sa yara da matasa masu otizim da marasa shi cikin na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa da ake kira MRI, suna sa musu ƙarar motoci a kunne, suna goga musu ƙyallen ulu mai kaushi a hannu. Ga yawancin yara ƙwaƙwalwa takan zabura da farko sannan ta lafa. Ga masu otizim ɗin da ji da taɓi ke damunsu, wuraren karɓar saƙon da amigidala ba sa lafawa da wuri, karo na baya kamar na farko. Wato inji ya shekara yana tashi a bayan katanga, amma ga Auta kullum yau ne ya fara jin sa. A Filadelfiya kuma, Timothy Roberts da abokan aikinsa sun auna da wata na'ura mai suna MEG a 2010, suka ga amsar da ƙwaƙwalwar yara masu otizim ke bai wa sauti tana makara da kusan kashi 11 cikin 1000 na sakan. Kamar ba komai ba, amma magana gaɓoɓi ne masu bin juna a guje, in kowace ta makara kaɗan sai jimla ta cakuɗe. Haɗa abin da ido ya gani da abin da kunne ya ji shi ma yana ba su wuya, kamar tashar talabijin da baki ke motsi daban murya na zuwa daban. Da na fahimci wannan na daina ce masa "kalle ni in ina maka magana." Idan ya kau da kai, lokacin ne yake saurare.

Abin mamaki, tun 1943 Leo Kanner, likitan da ya fara bayyana lalurar a Amurka daga yara 11 da ya duba, ya rubuta yadda ƙarar injin shara da ruwan famfo da ma iska ke firgita su. Amma sai a 2013 kundin likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka ya sa wannan matsalar ji da taɓi cikin alamomin da ake ƙirgawa.

Abin da ya fi kowane magani yi mana amfani kaye ne, wato littafin rubutu irin na ƴan lakwal. Kowane shafi aka ja masa layi shida: lokaci, wuri, abin da ya faru kafin rikicin, abin da yaron ya yi, minti nawa ya ɗauka, me ya kwantar da shi. A saman shafi a rubuta awa nawa ya yi barci da abin da ya ci. Kuskuren da muka yi a satin farko shi ne rubuta hukunci maimakon abin da ido ya gani. "Ya yi taurin kai" ba ya koya maka komai. "Ƙarfe 10 da kwata, tsakar gida, inji ya tashi, ya toshe kunne ya buga goshi a ƙasa sau uku, minti 20, ya lafa a ƙuryar ɗaki bayan an rufe ƙofa" shi ne rubutu. Sai an yi sati uku ana cikawa kafin hoton ya fito.

Injin kowa ya san da shi. Abin da ba mu sani ba shi ne rikicin magariba, wanda ke zuwa ba gaira ba dalili. Kaye ya nuna yana faɗowa ne a ranakun da aka je da shi babbar kasuwa, ko aka yi baƙi, ko aka kwana ba wuta fanka ba ta juya ba. A kasuwar shiru yake yi, har a yaba masa. Ashe tarawa yake, hon na adaidaita da warin kifi da kafaɗun mutane, sai an dawo gida cokali ya faɗi a kwano abin ya fashe. Da yayyafi kogi kan cika. Tun daga nan ranar fita ba a haɗa ta da aski ko wankin kai ko sabon abinci, kuma da an dawo a ba shi rabin awa shi kaɗai a ɗaki mai duhu-duhu, ba tambaya ba gaisuwa.

Wani abin da ya daɗe yana sa Yaya cewa iskanci ne: yaron da ke ihu don inji, shi ne zai kifa kwanon sha ya yi ta dukansa da muciya, ƙarar ta fi ta injin. Dalilin a fili yake. Ƙarar da mutum ya yi da hannunsa, ƙwaƙwalwa ta san tana tafe, takan rage mata kaifi tun kafin ta iso, shi ya sa ba ka iya yi wa kanka cakulkuli. Ba girman ƙara kaɗai ke cutar da shi ba, har da zuwanta ba sallama. Sai Yaya ya zagaya wurin mai inji ya ce, "Malam, alfarma nake nema. In za ka tayar, ka sa yaronka ya buga mana katanga sau uku." Mutumin kirki, bai taɓa fashi ba. Da an ji bugun, a nuna wa Auta hoton inji da aka zana a kwali, a ce kalma biyu, "inji, kunne," a miƙa masa abin toshe kunne irin na ma'aikatan masana'anta, mai kama da kofi biyu da maɗauri. Shi zai sa da kansa. Irin wannan yana rage ƙara da desibel 20 zuwa 30. Don a gane lissafin, hirar mutane tana wajen 60, kusa da inji ana haura 90, kuma duk ƙarin 10 kunne yana jin kamar an ninka ƙarar.

Nan ma mun yi kuskure. Da muka ga ya yi aiki sai aka bar masa shi daga safe har dare. Bayan ƴan makonni ya fara toshe kunne har don kukan kaza. Kunnen da aka saba wa shiru ƙara laushi yake yi, ga shi yaron ba ya jin maganar da muke so ya koya. Yanzu na lokacin inji ne da kasuwa da biki, in an gama a rataye. Auduga kuwa ba ta rage wani abin kirki, kuma yaro na iya cusa ta ciki.

Fitila ma ta shiga kaye. Doguwar fitilar nan fara da ke ɗakin uwarsa, wutar ƙasarmu tana juyawa sau 50 a sakan, ita kuma tsohuwar fitilar tana ƙiftawa sau 100, ga wani zuuu da take yi wanda mu ba mu lura da shi. Aka sauya ta da ƙwan LED mai haske ja-ja. Na arha ma wasu suna ƙiftawa, sai a gwada tun a shago: a kunna kyamarar waya a nufi ƙwan, in aka ga layuka baƙaƙe suna gudu a fuskar wayar a bar shi.

Fata ita ce ta fi wahalar da mu, don a nan al'ada take karo da yaron. Baƙo ya zo, ya shafa kan yaro a hankali yana sa albarka, yaron ya ture hannun, uwa ta ji kunya. Shafa mai sauƙi ita ce ya fi ƙi. Riƙo mai ƙarfi da tafin hannu, daga gaba inda yake ganin hannun na zuwa, wannan yana so. Sabuwar shadda mai sitaci ranar Sallah azaba ce gare shi, don haka ana ɗinka kayansa da wuri, a wanke sau uku, a yanke takardar wuya, a sa masa tsohuwar singiletin auduga a ciki, a juye ta ɗinkin ya koma waje. Wanka da ruwa mai ɗumi-ɗumi, a fara zubawa daga ƙafa a hau sama, kai ne ƙarshe, da tsumma a danna maimakon soso a goga. Aski ya ci mana wata biyu. Satin farko injin aski yana ajiye a tabarma a kashe, yana wasa da shi. Sannan a kunna a nesa yana kallon ana yi wa babansa. Sannan shi ya riƙe injin yana aiki, ya ɗora a gwiwarsa ya ji karkarwar. Sannan a taɓa ƙeya, a ƙirga goma da ƙarfi, a tsaya ko da bai yi kuka ba. Tsayawar a kan goma ita ce sirrin, don in ka ga ya yi shiru ka zarce, gobe ba zai yarda da ƙirgarka ba. A rufe wuya da tawul, don guntayen gashin da ke maƙalewa a jiki sun fi askin kansa damunsa.

Sai ɗaya fuskar, wadda ta fi ba ni tsoro. Yaron da takardar riga ke sa shi kuka, ya taɓa jingina ƙafarsa da salansar babur mai zafi bai ce uffan ba, sai da dare aka ga ƙunar. Ba wai ba ya jin zafi ba, saƙon ne ke makara ko ya rasa yadda zai nuna. Haka ƙishirwa da yunwa da fitsari. Don haka kullum wurin wanka ana duba shi daga tafin ƙafa har cikin baki. Da bazara, lokacin da zafin Maradi ke haura 40, ba a jira ya nemi ruwa, kofi ake ba shi duk awa, a kuma duba fitsarinsa, in ya yi ja a ƙara. Da damina ma'aunin zafi yana kusa. In ya yi laƙwas ko rikicinsa ya ƙaru ba dalili a kaye, a auna, in ya kai 38 a je a yi gwajin zazzaɓin cizon sauro a ranar. Sau biyu abin da muka ɗauka sabon hali ne ya zama ciwon haƙori. Ruwa kuma yana jansa kamar maganaɗisu, ga kududdufai da damina ga Gulbi in ya kawo. Randa da rijiya duk da murfi, ƙofar gida da sakata a sama inda hannunsa bai kai.

Bayan ji biyar da kowa ya sani, akwai na cikin kunne mai gaya wa mutum ko a tsaye yake ko yana juyi, da na gaɓoɓi mai gaya masa inda hannu da ƙafarsa suke. Auta yana da yunwar waɗannan biyun, shi ya sa yake hajijiya da tsalle da kaɗa hannu. Kaɗa hannun mun daina hana shi, ba ya cutar da kowa, kuma da shi yake sauke abin da ya tara. An ɗaura masa lilo a bedin tsakar gida. Gaba da baya a hankali yana kwantar da shi, juyi kuwa tayar da shi yake, in ka ga ya fara gumi ko fuskarsa ta sauya a tsayar. Daka da ƙaramar taɓarya, ɗaukar jarkar lita biyar daga famfo zuwa madafa, tura baro, minti goma na irin wannan kafin zaman karatu yana sa ya zauna. Ba warkarwa ba ce, kuma wani yaron ba zai yi masa ba. Wani ya kawo mana shawarar bargo mai nauyi da ake tallatawa a intanet. An gwada shi kan yara masu otizim a Ingila a 2014 bai ƙara musu barci ba, balle a zafin nan namu.

Abinci kala biyar ya sani: fura, ƙuli-ƙuli, biskit, farar shinkafa, ƙosai. Duk abu mai yauƙi, kuka ko kuɓewa, ganinsa kaɗai yana sa shi amai. Inna ta ce a yi masa ɗure kamar yadda aka yi wa iyayensa. Uwarsa ta ce, "Inna, ki yi haƙuri, likita ta ce abincin na iya bi ta hanyar iska ya sauka a huhu." Aka bari. Mu kuma muka yi tamu wautar, muka zuba garin zogale a furarsa a ɓoye. Kurɓa ɗaya ya gane, ya yi kusan wata bai taɓa fura ba, biyar ta koma huɗu. Hanyar da ta yi aiki mai cin rai ce. Sabon abu ƙwaya ɗaya kamar gyaɗa, a faranti daban, kusa da wanda ya saba. Kwanaki yana kallo kawai, sannan ya taɓa, ya sunsuna, ya lasa, yana da damar tofarwa. Abu ɗaya ake sauyawa, daga ƙosai zuwa awara soyayya don kamanninsu, daga awara zuwa ƙwai. Wani abin sai an kawo shi sau goma sha biyar ko fiye. Da muka ga yana cin ƙasar katanga aka auna jininsa, aka samu ƙarancin sinadarin ƙarfe, aka rubuta masa magani. Ana ɗora shi a sikeli duk wata.

In rikicin ya riga ya tashi, a san bambancinsa da rigimar yara. Mai rigima yana satar kallonka, in ka ba shi abin da yake so ya yi shiru. Wannan ba ya ganin kowa, ko ka miƙa masa biskit ɗin ba zai karɓa ba. Mutum ɗaya ya tsaya, sauran su watse, don taron "mene ne, mene ne" man fetur ne. A kashe rediyo, a kawar da abin da zai ji masa ciwo, a tura matashi tsakanin goshinsa da ƙasa, a yi shiru. Duka ƙarin saƙo ne ga ƙwaƙwalwar da ta riga ta cika. In ya lafa a ba shi ruwa, kada a tambaye shi me ya sa. Ko a lokacin lafiya, umarni ɗaya ake ba shi, gajere, a ƙirga goma a zuci kafin a maimaita, kuma da kalmomin farko, don in ka sauya su ya koma fassara daga tushe.

Yana shekara bakwai ya fara haɗa jimla. Wata safiya bayan an buga katanga, yana ɗaura abin kunnensa, ya ce da ni, "Gwaggo, inji yana cizo." Bana yana lakwal, mushensu ya ba shi benci na bakin ƙofa, da izinin fita ya tsaya a inuwa in ajin ya ɗauki haddar baki ɗaya. Lasifikar biki da dare har yanzu ba mu samo mata dabara ba, don ita ba mai buga mana katanga. Muna kan kaye na huɗu. Shafin Alhamis ɗin da ta wuce: barci awa biyar, biki a layin baya har ƙarfe ɗaya, bai je lakwal ba, ya ci ƙwai rabi.